Sauron Cikin Sifika

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka kawo ta. Mutum biyu suka ɗauko kwalin daga mota, na sa suka cire takalmi kafin su shiga ɗakin sauraro. Amfilifaya ce, na'urar ƙara wa kiɗa sauti, baƙa wuluk, kilo talatin da ɗaya, kuma da akwatin wutarta daban, wanda aikinsa ya karɓi wutar gida ya tace ta kafin ya miƙa mata. Mai shagon ya ba ni ita gwaji na mako uku. Ran 24 ga wata zan ce masa na riƙe, ko a zo a ɗauka. Na sa mata suna Baƙuwa.

Tawa ta da, Mai Kwalabe, shekararta goma sha tara a gidan nan. Kwalaben gilashi huɗu ne a kanta, suna yin ja in ta ɗau zafi. Ban taɓa jin abin da ya kai ta ba, amma ban taɓa ajiye wata a gefenta ba sai yau.

Shekara talatin da huɗu na yi ina awon filaye kafin in yi ritaya, don haka ba na yarda da "ina jin kamar". Na auna: daga kowace sifika zuwa kujerata mita biyu da santi tamanin. Wannan littafin na kwatancen sauti ne, ba na wani abu ba.

Asibiti sun ce jibi za su sallamo matata.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An sallamo ta. Ba ita kaɗai ba, har da wani farin inji mai tayoyi, tsayinsa iya gwiwa, da siririn tiyo da ke shiga hancinta. Injin iska. Huhun ne ya gaji, in ji su. Aka haɗo mana da tukunyar iska ta ƙarfe guda ɗaya, don ranar da aka ɗauke wuta.

Ba ta iya hawa bene yanzu, sai aka sa gadonta a ƙaramin falo, bango ɗaya tsakaninta da ɗakin sauraro. Ba a tambaye ni ba. 'Yarmu ce ta yanke hukunci, kamar kullum. Tun tana 'yar shekara shida nake ce mata Alƙaliya, kuma girma bai rage komai ba. Ta manna takardar magunguna a jikin firji, ta ce, "Baba, nas za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis. Ni kuma Asabar. Sauran kwanakin kai ne." Ta faɗi "kai ne" kamar mai miƙa jariri ga mahaukaci.

Ita kuwa mara lafiyar ta rame. Zobenta ta mayar da shi babban yatsa. Da ta hango kwalin a zaure ta ce, "Maigida, an yi sabon kaya ke nan." Na ce gwaji ne kawai. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ban kunna komai ba yau. A rubuta mini wannan.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Faifan gwajina ɗaya ne tun fil azal: mace ɗaya tana waƙa, fiyano ɗaya yana bin ta. Kafin baiti na biyu tana jan numfashi. A wannan numfashin nake gane gaskiyar kowace na'ura.

Mai Kwalabe: murya mai kauri, mai ɗumi, kamar an shafa mata mai. Numfashin yana nan amma a lulluɓe.

Baƙuwa ba tare da akwatin wutar ba: ɗaki ya buɗe, amma muryar ta ɗan bushe.

Baƙuwa da akwatin wutar: na ji ƙafar mai fiyano tana taka feda. Shekara goma sha tara ban san mutumin yana da ƙafa ba.

Sai dai akwai matsala. In waƙa ta yi shiru, akwai wani siririn kuka a cikin sifikar hagu, kamar sauro a bayan kunne. Shekaranjiya babu shi. Ran Litinin ma babu shi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na bi gidan kaf. Na kashe firji, sauro yana nan. Na kashe fankoki, na cire cajar waya, na kwance ƙwan fitilar zaure. Yana nan. Na sauya wayoyin sifika, na juya fulogi. Yana nan.

Da matata za ta shiga banɗaki ta ce in kashe injin in huta da ƙararsa minti biyu. Na danna maɓallin, na wuce ta ƙofar ɗakin sauraro, sai na tsaya. Shiru. Shiru irin na ƙasan rijiya.

Injin ne. Yana zuba datti a cikin wutar gida, Baƙuwa kuma kunnenta ya fi ƙarfin ta yafe.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Alƙaliya ta zo tare da kawunta, ƙanin matata, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Shekara arba'in yana gyaran rediyo da amfilifaya, yanzu kuma da na'ura a kunne yake ji. Ya fara shiga wurin yayarsa, ya daɗe, ya fito idonsa ja. Na ja shi ɗakin sauraro.

Ya ɗora mitarsa, ya duba, ya kara kunne a jikin sifika.

"Mai Awo, wannan ai ba komai ba ne. Daga kujera ba mai jin sa."

Na ce, "Kai ko jirgi ne ya sauka a ɗakin nan sai an rubuta maka a takarda."

Wasa ne, irin wanda muka saba tun ina neman yayarsa. Bai yi dariya ba. Ya ce maganin abin shi ne a ja wa ɗakin layin wuta nasa na daban daga mita, zai zo ya yi mini, amma sai mako na sama saboda yana da aiki a hannu. Na ce mako na sama gwajina ya kusa ƙarewa. Ya ce, "To, ka saurara da sauron mana. Mutane da yawa da shi suke kwana."

Na ce masa shi ya sa har yau yake gyaran kayan wasu, bai taɓa mallakar nasa ba. Ya tattara mitarsa. Alƙaliya tana bakin ƙofa tana kallona irin kallon nan nata. Uwarta ta ƙwala daga ciki, da ɗan abin da ya rage mata na murya, "Ku bar shi, ba ku san shi ba ne?"

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Nas ta zo, ta gwada jini, ta maƙala wani ɗan abu a yatsa, ta duƙa ta kwafi wata lamba daga jikin injin. Na tambaye ta, a matsayin mai son sani, ko dole ne injin ya yi ta aiki ba hutu. Ta ce dole ne. Na ce ko mota tana hutawa. Ta ce, "Baba, ba injin ne ba ya hutawa ba, Mama ce." Yaran yanzu kowa da bakinsa.

Bayan ta tafi na yi tunani. Ɗakin baya, inda muke ajiye akwatuna, soket ɗinsa a wani reshe yake daban. Na share shi, na fitar da akwatunan. Tagarsa ƙarama ce, tana kallon katanga, amma ai mara lafiya ba kallo ya zo yi ba. Na ce wa matata can ya fi shiru, kiɗana ba zai dame ta ba.

Ta ce, "Kiɗanka bai taɓa damuna ba."

Na ce duk da haka. Ta dube ni, ta dubi tagar falo inda take ganin masu wucewa, sai ta ce, "To, kama mini tiyon kada ya harɗe."

Na ba ta cokali da kofin ƙarfe, ta buga in tana son wani abu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sauro ya ragu da rabi. Rabin da ya rage ya fi ciwo.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta buga kofi sau huɗu yau. Ruwa. Filo. Ruwa. Na huɗun da na je ta ce ta manta abin da take so. Ina tsakiyar baiti na biyu. Na ce mata in ta tuna ta rubuta ta tara, in zo in karɓa gaba ɗaya kamar wasiƙu. Ba ta sake bugawa ba.

Ina fitowa idona ya faɗa kan tukunyar iskar a kusurwa. Ba ta cin wuta. Ba ta da fulogi ma. Iskar da ke ciki kuma ita ce dai iskar da injin ke bayarwa, wataƙila ta fi tsabta. Ban ga wanda aka cuta ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Nas ta tafi ƙarfe sha ɗaya. Sha ɗaya da kwata na mayar da tiyon kan tukunya, na kashe injin. Na lura da wani abu: in ka zare fuloginsa yana ihu kamar an taka jela, in ka kashe ta maɓalli kuwa sai ya yi lif.

Awa biyu da rabi. Ban san yadda zan rubuta ba. Baƙuwa da akwatinta, a kan tsabtatacciyar wuta, wata halitta ce daban. Mai waƙar nan ta shigo ɗakin ta tsaya tsakanin sifikun, ina iya nuna inda bakinta yake. Da ta ja numfashin nan na ji leɓɓanta sun rabu, na ji iskar tana shiga ƙirjinta a hankali, ba gaggawa, har ta cika. Tsigar jikina ta tashi. Na mayar da allurar faifan baya sau bakwai.

Na haɗa Mai Kwalabe don adalci. Ta ba ni tausayi. Kamar ka ga tsohon malaminka yana laluben tabarau. Amma a kan kaurin fiyano, can ƙasa, har yanzu tana da wani abu da Baƙuwa ba ta da shi. Sai na sake gwadawa. Hukunci ba a yin sa da zama ɗaya.

Ita mara lafiyar ta ce tukunyar ta fi daɗi, ba ƙara. Da bakinta ta faɗa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Alƙaliya ta shigo ta tarar da falo ba gado. Na ji takunta har ɗakin baya, na ji takunta yana dawowa da sauri biyu.

"Baba, a sito ka ajiye ta?"

Na ce ɗaki ne, mita uku da rabi a mita uku, ni na auna. Ta ce ko karenta ba za ta sa a ciki ba. Na ce ai ba ta da kare, mijin ma da ƙyar ta riƙe. Wannan na san ya shiga. Ita ta fara.

Uwar ce ta raba mu. Ta ce ita ta nemi a dawo da ita nan, hasken falo yana sa ta ciwon kai. Alƙaliya ta ce, "Mama, shekara nawa za ki yi kina share masa hanya?" Ta ce, "Saura kaɗan."

Ban so wannan maganar ba. Ba wurinta ba ne.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Jiya bayan tafiyar Alƙaliya awa ɗaya a kan tukunya, shekaranjiya awa uku, yau biyu da wani abu. Allurar agogon tukunyar ta kwanta a kan ja. Ashe abin ba ya da auki. Na mayar da ita kan injin.

Gobe zan kira masu cikawa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kafin nas ta zo na juya fuskar tukunyar ta kalli bango, don kada a yi ta surutu a kan abin da za a gyara. Ta duƙa ta kwafi lambar injin, ta duba littafinta, ta sake dubawa. Ta ce, "An ɗauke muku wuta ne a kwanakin nan?" Na ce sosai ma. Ta dubi mara lafiyar. Mara lafiyar tana kallon silin.

Ban kira masu cikawa ba, lambar tana wani wuri.

Saura kwana bakwai, kuma akwai tambaya ɗaya da ban warware ba: shin Baƙuwa ce ke da wannan kyan, ko akwatin wutar? In akwatin ne, sai in sa Injiniya ya haɗa wa Mai Kwalabe irinsa in mayar da Baƙuwa. Wannan ba a gane shi da sauro a kunne.

Bayan azahar matata ta yi barci. Mai barci ba ya cin iska da yawa, kowa ya san wannan. Na kashe injin minti goma, da agogo a hannuna. Na koma na kunna. Ko motsi ba ta yi ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Minti goma sha biyar. Lafiya lau. Na toshe ƙasan ƙofar ɗakin sauraro da bargo, akwai iska da ke shigowa ta nan tana ɓata kaurin sauti. Ya taimaka ƙwarai.

Na fara zargin akwatin ne. Gobe zan ji gefen faifan gaba ɗaya ba tsayawa, a gama magana.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ba abin rubutawa yau.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Gefe ɗaya na faifan minti ashirin da biyu ne. Na sake aunawa yau. Ashirin da biyu. In ma na mayar da allura baya sau ɗaya ko biyu, ba zai wuce talatin da biyar ba. Duk wanda ya ce awa ɗaya bai auna ba.

Injiniya bai ce zai zo jiya ba. Mako na sama ya ce, bai sa rana ba. Mutum ya shigo gidan mutane da naɗin waya a kafaɗa ba sallama. Ya ce ya yi sallama. Ya ce tun daga zaure ya ji ana buga ƙarfe a ƙasa, kaɗan-kaɗan. Shi. Da wannan kunnen.

Ya banke mini ƙofa har bargon ya naɗe. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai zage ni ba. Ya ce, "Kawo makullin mota."

Kofin ya lotse ta gefe ɗaya. Na goge ƙasan ɗakin. Na kunna injin, ko da yake ba kowa a kan gadon, sai kuma na ga ba ma'ana na kashe.

Suna asibiti, ɗaki na shida, hawa na biyu. An ce mutum ɗaya ake bari a ciki, kuma Alƙaliya ta riga ta zauna.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Mai shago ya kira yana tambayar yadda muke ciki da Baƙuwa. Na ce ina kan nazari.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Alƙaliya ta zo ɗaukar wa uwarta kaya. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin sauraro da takalmi.

Ta ce Mama ta farfaɗo, kuma ta gaya wa likita wuta aka ɗauke. Na ce to, ka ji. Ta ce ta tambayi maƙwabta gida uku, rabon da a ɗauke wuta a layin nan tun watan jiya. Ta ce lambar da nas ke kwafa awoyin aikin injin ne, yana ƙirgawa da kansa, kuma daga Alhamis ta makon jiya zuwa Laraba awa goma sun ɓace. Ta ce ta juya tukunyar ta gani.

Na ce awa takwas da rabi daga ciki tana kan tukunya, iska ba ta yanke mata ba, a yi lissafi daidai.

Ta ce, "Sauran fa?"

Na ce mata injinan nan ba a yarda da agogonsu.

Ta zagaya ta tsaya gaban Baƙuwa. Na ga hannunta, na ga kofin shayina a kan tebur, na miƙe. Ta lura da na miƙe. Ta yi wata irin dariya.

"Zauna, Baba. Ba zan taɓa ta ba. Ranar Laraba Kawu ya ce sai da ya kira ka sau biyu kafin ka tashi daga kujerar nan. Yau ko kiranka ban yi ba."

Ta ɗauki zannuwa uku, da carbi, da man shafawa. A bakin ƙofa ta ce da tana ƙarama takan zauna a bayan ƙofar nan tana jira faifai ya ƙare don ta nuna mini sakamakon jarrabawa. Na ce ai kuwa ga shi ta yi karatu. Ta fita ba ta rufe ƙofa ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na kira Injiniya a kan maganar layin, tunda naɗin wayar wutar yana nan zaure inda ya yar da shi. Ya ɗauka ya yi shiru. Na ce ko batirin kunnen ne ya mutu. Ya ce, "Ina jin ka sarai, Mai Awo. Shekara arba'in ina jin ka." Ya ce yayarsa ce ta goye shi, ita ta saya masa ƙarfen narka dalma na farko, kuma shi ya rako ta gidana da ƙafarsa. Ya ce in riƙe wayar, kyauta.

Mita ashirin ce, mai kauri, tagulla zalla. Ba laifi.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ita ta aiko a ce in zo. Alƙaliya ta fita baranda ba ta dube ni ba.

An sa mata abin rufe hanci da baki yanzu, sai ta ɗaga shi take magana, kalma uku ko huɗu ta mayar. Gefen goshinta akwai filasta. Na ce ya jiki. Ta ce da sauƙi. Na ce gida ba daɗi ba kowa. Ta ce in matso.

"Ranar Litinin ba barci nake ba," ta ce. "Na ji ka danna. Talata ma."

Na ce ai da ta yi magana.

"Na ce bari in gani. Ko za ka dawo da kanka." Ta mayar da abin, ta ja, ta ja, ta ɗaga. "Ka dawo. Sau biyu. Har na ji daɗi."

Na ce mata ranar Laraba agogon ne na ajiye a kan tebur, fuskarsa ta kalli can. Ta ɗaga hannu alamar in bari. Ta ce ba don wannan ta kira ni ba. Ta ce abin da ta gaya wa likita shi za ta ci gaba da faɗa, in kwantar da hankalina, ba mai zuwa ya tambaye ni komai. Ta ce in an sallame ta gidan 'yarta za ta.

Sai ta ce, "To, wacce ta fi?"

Na ce me?

"Tsohuwar ko sabuwar. Ai ka gama ji."

Na dube ta. Fuskarta ba fushi, tambaya ce kawai. Kuma duk makonnin nan ba wanda ya tambaye ni, ko mutum ɗaya. Na ce mata gaskiya ba amfilifayar ba ce kaɗai, rabin aikin akwatin wutar ne, domin da na cire shi muryar ta koma baya kamar taku biyu, fiyanon ya rasa gindi. Na ce Mai Kwalabe tana da ɗumi amma tana ƙarya, tana rufe abubuwa. Na ce a kan numfashin nan na kafin baiti na biyu ne aka rabu, Baƙuwa tana ba ka shi tun daga farkonsa har—

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na lura, idonta a rufe yake, ruwa yana bin gefen robar yana shiga kunnenta. Hannunta yana kan maɓallin kiran nas, ta riga ta danna.

Wata nas ta leƙo. Matata ta ɗaga abin ta ce, "Bawan Allahn nan zai tafi. Nuna masa hanya."

Shekara talatin da takwas da aure. Bawan Allahn nan.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ce wa mai shago na riƙe, da ita da akwatin. Ya ce na yi zaɓin masu kunne. Ya ce in gaida iyali.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Da hantsi mota ta zo. Mijin Alƙaliya da wasu mutum biyu suka fitar da gado, da injin, da tukunya, da akwatunanta huɗu daga sama, har da keken ɗinkin da ta daina amfani da shi tun kafin ciwon. Ya gaishe ni a tsaye, ya miƙo mini makullan gida guda uku a zare ɗaya. Ya ce an ce a ba ni. Na tambaye shi wace rana ake zuwa dubiya. Ya ce zai tambaya.

Da suka tafi na kashe firji, na kashe fankoki, na rufe tagogi. Na bar Baƙuwa ta ɗau zafi minti arba'in. Na goge faifan, na sa allura, na zauna a mita biyu da santi tamanin.

Ba sauro. Ba komai.

Sautin ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya ce bai yi kyau ba, ya zo ya zauna ya ji.